Ina jaririyar da na haifa ta shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. 'Yata ta fari ta cika shekara biyu da wata huɗu, wata biyu ke nan da na yaye ta. Tun daga nan kamar an sauya min ita. In na ɗauke ta sai ta zame, in zan sa mata takalmi ta fizge ta ce "ni zan yi", cin abinci ya ragu, abu kaɗan ta zube ƙasa ta yi ta birgima. Shekaranjiya ina gyara kayanta na ci karo da 'yar rigar da muka dawo daga asibiti da ita a jikinta, kawai sai na zauna ina kuka. Lafiyarta ƙalau, na gode wa Allah, amma ji nake kamar na yi rashin wani. Anya lafiya kuwa? Ko yayen ne ya sa ta daina sona?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya mana ita, ya sa mata albarka.

Bari in fara sauke miki abin da ya fi danne ki kafin mu shiga bayani. Ba ta daina sonki ba, yayen kuma bai ɓata tsakaninku ba. Duk abin da kika lissafa, tun daga zamewa har birgima, shi nake sa ran ji daga bakin uwar 'yar shekara biyu. Da cewa kika yi inda kika ajiye ta nan take zama, ba ta musu, ba ta fizgar komai, shigarki da fitarki duk ɗaya ne a wurinta, to da ita ce zan ce ki kawo min in duba.

Batun rashi kuwa ba zan yi miki musu ba, ba kuma zan ce ki share hawaye don ga yarinya nan tana wasa a gabanki. Kin yi rashi mana. Akwai wata halitta da kika san nauyinta a damtsenki, kika san ƙamshin kanta, kina rarrabe kukanta na yunwa da na barci tun daga wani ɗaki. Wannan halittar ba ta nan yanzu, kuma ba wanda ya sanar da ke ranar tafiyarta. Wadda ta maye gurbinta kina sonta, ƙila ma fiye, amma dai wata ce. Ba a saba yi wa uwa jaje a kan irin wannan ba, shi ya sa kowace take zaton ita kaɗai ce. A shekarun da na yi ina duba yara ban san iyakar iyayen da suka rage murya suka faɗa min irin maganarki ba, kamar masu amsa laifi. Har da iyaye maza, sai dai su sukan naɗe tasu a cikin raha.

Idonki bai yaudare ki ba, jikinta ya sauya, kuma abin yana da lissafi. Jaririya kan zo duniya da nauyin kilo uku da 'yan kai, tsayinta wajen santimita 49. A wajen wata biyar ta ninka nauyin nan, a shekara ɗaya ta kusa kilo 9, tsayi ya kai santimita 74. Ba za ta sake girma da irin wannan saurin ba, ko lokacin balaga. Daga nan sai abin ya ja birki. A duk tsawon shekara ta biyu abin da take ƙarawa kilo biyu da rabi ne ko kusa da haka, alhali tsayi yana ƙaruwa da wajen santimita 12. Miƙewa take fiye da cika. Shi ya sa kika nemi naɗe-naɗen cinyar nan kika rasa, wuya ya fito inda da haɓa ke zaune a kan ƙirji, yatsu suka yi tsawo, maɗigar da kike kallo tana bugawa ta rufe, galibi tsakanin wata 12 da 18. Kan jariri ɗaya bisa huɗu ne na tsawon jikinsa, a shekara biyu ya koma wajen ɗaya bisa biyar. Tun 1943 wani masanin halayyar dabbobi ɗan Ostiriya, Konrad Lorenz, ya lura cewa babban kai da faɗin goshi da manyan idanu da cikar kumatu su ne ke kunna wa babba tausayi da son ɗauka, ko ɗan mage ne ke da su. Waɗannan siffofin ne suke zarewa daga fuskar 'yarki a hankali, zuciyarki kuma ta riga hankalinki lura.

Raguwar cin abinci ma daga nan ta taso. Jikin da ya rage gini dole ya rage neman kayan gini. Ga kuma ƙyamar sabon abu a baki, wadda kan yi ƙarfi daga wajen shekara biyu ta ɗauki 'yan shekaru kafin ta lafa. Abinci ɗaya sai a gabatar da shi sau goma ko sha biyar kafin ta yarda ta kai baki. Ke ce mai yanke abin da za a ci da lokacin ci, ita ce mai yanke ko loma nawa. Kada ki auna ta da kwano ɗaya, ki dubi cin mako guda, ki kuma dubi layin katin awonta. In yana hawa, ki daina bin ta da cokali.

Kafin in koma kanta, ke ma jikinki yana da hannu a kukan nan. Shayarwa tana tafiya ne da sinadarai biyu, furolaktin mai sa a samar da nono, da oksitosin mai sa ya zubo, dukansu kuma suna da alaƙa da natsuwar da uwa kan ji in ta zauna shayarwa. Fiye da shekara biyu jikinki yana samun wannan sau da yawa a yini, sai aka tsayar. Mata da dama kan ji nauyin zuciya da saurin hawaye da rashin barci a makonnin da suka biyo bayan yaye, musamman in an yi shi farat ɗaya. Yawanci yakan wuce da kansa. Amma in kin ga baƙin cikin ya zauna daram kusan kowace rana har sama da mako biyu, abin da ke faranta miki da ya daina, ko kina jin ba ki da wani amfani, to ya wuce kewa. Ki je ki ga likita, abu ne mai magani. In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa gifta miki, kada ki jira gobe. Game da lokacin yayen, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi nono zalla wata shida, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu ko fiye. Kin cika, ba a bin ki bashi.

Yanzu mu zo kan "ni zan yi", don a nan gizo yake saƙa.

A 1972 wata mai bincike a Amurka, Beulah Amsterdam, ta fitar da sakamakon wani gwaji mai sauƙi. A ɗiga wa yaro ɗan jan launi a gefen hanci, a kai shi gaban madubi. 'Yan ƙasa da shekara ɗaya murmushi suke wa na cikin madubin, suna dukan gilashi kamar sun sami abokin wasa. Waɗanda suka ɗan haura shekara har leƙa bayan madubin suke, suna neman inda ya ɓuya. Sai daga wajen wata 18 zuwa 24 ne yaro zai kalli madubi ya kai hannu ga hancin kansa. Ya gane wancan shi ne. In kin gwada da jambakinki yau, ina tsammanin hancinta za ta taɓa, ta kuma waigo ta harare ki. Kada dai ki mai da shi jarrabawa, wasu yaran sukan gani sarai su yi tsit ba su taɓa ba.

Abin lura shi ne a cikin waɗannan watannin ne "ni" da "nawa ne" da "a'a" suke shiga bakin yaro, a nan ne kuma ake fara ganin ya ji kunya in an zuba masa ido. 'Yarki ta gano wani abu ne da ya fi ƙarfin kanta: ashe akwai wata ita, mai son ranta dabam da na Mama. To wanda ya tsinci sabon abu dole ya gwada shi, kuma son rai ba a gwada shi sai a jikin son ran wani. Naki ne mafi kusa. In duk abin da kika ce ta ce to, ta yaya za ta san wanne ne nata? Shi ya sa za ki ga abin dariya, ki miƙa mata abin da ta fi so, ta ce "a'a" da ƙarfi, hannunta kuwa a miƙe yana karɓa. Ba abin take ƙi ba, kalmar take ɗanɗanawa.

Zamewa daga jikinki kuma, wadda na san ita ta fi yi miki ciwo, ita ce shaidar da ta fi kowace kyau a cikin wasiƙarki. Tsakanin 1954 da 1955 wata masaniyar halayyar yara, Mary Ainsworth, ta zauna a Uganda tana zagaya iyalai 26 a ƙauyukan da ke kusa da Kampala, tana zama tana kallon yadda jarirai ke yi da iyayensu mata. Daga baya ta sake irin aikin a birnin Baltimore na Amurka. Abin da ta gani ya saɓa wa zaton mutane. Yaran da suka fi sakankancewa da uwa su ne suka fi sauka daga cinyarta su tafi binciken ɗaki, suna waiwayenta jefi-jefi. Masu yawan kuka da maƙalewa, ko da uwar tana nan zaune, su ne waɗanda ba su gama yarda cewa in sun saki za su dawo su tarar da ita ba.

Ni ma kusan kullum sai na kalli wannan a ɗakin da nake duba yara. Yarinya za ta shigo a liƙe da ƙafar uwarta, fuska a ɓoye, tana leƙena da ido ɗaya. Ba na kula ta, da uwar nake hira. Bayan minti biyar sai ta saki, ta yi taku biyu wajen sikeli, ta tsaya, ta juya ta karanta fuskar uwar. In ta ga ba tashin hankali a ciki, ta ƙarasa. Ta ɗauko murfin biro daga ƙasa, ta kawo ta ajiye a gwiwar uwar, ko kallonta ba ta yi ba, ta koma. Can ta sake dawowa ta jingina da ƙafarta na ƙiftawar ido, ta sake tafiya, wannan karon har bakin ƙofa. Da na miƙe na rataya abin sauraron ƙirji a wuya, da gudu za ta zo ta haye cinyar da ta ƙi ɗazu. Uwar takan ce min, "Likita, kin gani ko, sai in tana jin tsoro take nemana." Sai in ce mata ai ko ɗazu da take bakin ƙofa da ke take tafiya, ba ki dai ƙirga waiwayen ba ne. Ke ma gobe ki zauna wuri ɗaya ki ƙirga.

Wannan ne kuma dalilin da ya sa za a ce miki lafiya lau ta yini a hannun wasu, amma da kin shigo rigima ta ɓarke. Ba sangarta ta kika yi ba. Yini ta yi tana riƙe da kanta, sai da ta ga inda za ta iya saki.

Birgima kuwa, gara in faɗa miki gaskiya, ba ki kai ƙarshenta ba tukuna. A wani bincike da Michael Potegal da Richard Davidson suka fitar a Amurka a 2003, kashi 87 cikin 100 na yara 'yan wata 18 zuwa 24 suna yin ta, ya hau zuwa kashi 91 a 'yan wata 30 zuwa 36, sannan ya sauko zuwa 59 a 'yan wata 42 zuwa 48. Mafi yawanta kuma ba ta wuce minti biyar, ko da yake ga uwar da ke tsaye a cikin mutane minti biyar ɗin shekara ne. Dalilinta a fili yake. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke taka wa fushi birki, shi ne na ƙarshe wajen nuna, ba ya kammala sai mutum ya haura shekara ashirin. Ita kuwa yanzu aka fara gininsa. Ga shi abin da take fahimta ya ninka abin da bakinta zai iya furtawa, abin da ta hango a ranta kuma yatsunta ba su iya shi ba tukuna. Ta san yadda takalmi ke zama a ƙafa, ta ga kina yi kullum cikin sauƙi, ta gwada ya ƙi. Ki haɗa wannan da yunwa ko barci, sai ƙasa. 'Yar wannan shekarun tana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da dare, har da na rana. Sau tari in uwa ta kawo min ƙarar rigima, daga lissafin barci nake farawa, kuma sau tari a nan muke tsayawa.

In ta zube, ki kawar da abin da zai ji mata ciwo, ki durƙusa kusa, ki rage magana. Wanda ke tsakiyar ihu ba ya jin wa'azi. Kalma biyu ta isa: "Kin ji haushi. Ina nan." In abin da kika hana ne ya jawo, kada ki bayar don ta yi shiru, in ba haka ba kin koya mata kuɗin sayen abin ke nan, gobe ma da shi za ta biya. Za ki lura kukan yana da hawa biyu, na farko fushi ne mai shure-shure, na biyu baƙin ciki ne mai laushi. A na farkon in kin taɓa ta ƙaruwa yake, a na biyun ita za ta miƙo hannu. Ki jira na biyun ki ɗauke ta. Masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi sun yi gaskiya, amma ban yarda a fake da wannan a daki 'yar shekara biyu ba. Duka yana tsayar da kuka a lokacin, ba ya koya mata yadda ake saukar da fushi, kuma wannan ne darasin da take nema. A jikinki za ta koye shi, ta hanyar ganin yadda ke kike yi in ranki ya ɓaci. Ran da kika kasa kika daka mata tsawa, kuma za ki kasa, duk mun kasa, ki koma bayan kin huce ki rungume ta ki ce ki yi haƙuri. Ba girmanki zai zube ba.

Wasu yaran, kamar biyar a cikin ɗari, sukan shiɗe a tsakiyar kuka, numfashi ya ɗauke, leɓe ya sauya launi, wani lokaci har jiki ya saki. Abin tsoro ne a ido, amma yawanci kafin minti ɗaya numfashi ya dawo da kansa. A kwantar da ita ta gefe, kada a jijjiga ta, kada a sa mata komai a baki. Karo na farko a kai ta a duba, a kuma auna jininta, don ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki yana da alaƙa da yawan shiɗewa.

Takalmin nan kuwa, ki bar mata. Ki fara shiri minti goma kafin lokaci, ki sassauta maɗaurin, ki ajiye shi a gabanta. In ta sa na dama a hagu kuma ba nisa za ku ba, wallahi ba abin da zai faru. Inda ba zai yiwu ta yi yadda take so ba, ki ba ta zaɓi biyu waɗanda duk kin yarda da su, wannan rigar ko waccan, ki taka da ƙafarki ko in ɗauke ki. Kada ki tambaye ta "za ki yi wanka?" in ba ki shirya karɓar "a'a" ba. Sannan ki ba ta aiki. A 2006 wasu masu bincike biyu a Jamus, Felix Warneken da Michael Tomasello, sun nuna cewa 'yan wata 18 in suka ga abin maƙale shanya ya suɓuce wa babba yana ta miƙa hannu bai kai ba, sukan tashi su ɗauko masa ba tare da an roƙe su ba, amma in da gangan ya jefar ba sa kulawa. Ƙarfin da ke sa ta fizge takalmi shi ne zai sa ta kawo miki tawul tana haki da alfahari. Wani abu kuma da nake roƙon iyayen 'ya'ya mata: kada ki yawaita "sauko, ke mace ce". Ƙafafunta da ƙashinta suna bukatar hawa da tsalle da faɗuwa kamar na kowane yaro, aƙalla awa uku na motsi a yini bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019, wadda kuma ta ce kallon waya ko talabijin kada ya wuce awa ɗaya ga 'yar shekara biyu.

Tawa 'yar ta fari, wadda yanzu ta fi ni tsawo, "luwa" take cewa maimakon ruwa. Har gidan gaba ɗaya muka koma cewa luwa, babanta ma in ya dawo aiki luwa yake nema. Wata rana da yamma, ta haura shekara uku, ina tsaye ina wanke kofuna, ta ja min gefen riga ta ce, "Mama, ba ni ruwa." Ra ɗin ta fita tas. Na sunkuya na ce, "Luwa kike so?" Ta dube ni irin kallon da ake wa wanda bai san komai ba ta ce, "Ba luwa ba ne, ruwa ne." Na cika mata kofi, na juya wa famfo fuskata na bar shi yana zuba. Ni da nake zama a ofis ina yi wa iyaye murna in harshen ɗansu ya warware, ni ce nake kuka a kan harafi ɗaya. Daga ranar ba wanda ya sake cewa luwa a gidan, ba kuma shawara muka yi ba.

Abin da na gane a ranar shi ne duk wani "na farko" muna tsaye muna jiransa, haƙorin farko, takun farko, kalmar farko, har hoto muke ɗauka. "Na ƙarshe" kuwa ba ya sallama. Ba uwar da za ta iya faɗa miki ranar da ɗanta ya yi rarrafen ƙarshe, ko daren ƙarshe da ya yi barci a ƙirjinta da yatsanta a damƙe. Sai an daɗe da wucewa ake waiwaya. Rigar da kika tsinta ta tara miki duk waɗannan ne a lokaci ɗaya.

Akwai kuma wani ɓangaren da ba kowa ke son ji ba. Ba za ta tuna komai daga shekaru biyun nan ba. Mafi yawan manya tunaninsu na farko daga wajen shekara uku zuwa uku da rabi yake farawa, abin da ya gabaci haka ya shafe. Daren da kika kwana zaune da ita tana zazzaɓi, ke kaɗai ce mai shi. Sai dai abin da ya shafe labarin ne, ba aikin ba. Waiwayen nan da take yi ta ga kina nan ta ci gaba da tafiya, daga waɗancan dararen aka gina shi. Labarin kuma ke za ki mayar mata. An lura cewa yaran da iyayensu ke yawan hira da su a kan abin da ya wuce, suna tambayarsu suna ƙara musu bayani, sun fi riƙe tunanin ƙuruciyarsu. Don haka ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta kalmominta yadda take karya su, da kwanan wata. Ki ɗauki muryarta ma, ba hoto kaɗai ba. Hotunan tawa suna nan da yawa, muryar da ta ce luwa ce ba ni da ita.

Tun da tambayarki ta haɗa da "anya lafiya", ga abin da zai sa in ce a kawo yaro ba tare da jinkiri ba: ya kai wata 18 bai fara tafiya ba, ko ba ya nuna abu da yatsa don ki gani, ya kai shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, ba ya waigowa in an kira sunansa, ko kuma, wanda ya fi duka, ya rasa wani abu da ya riga ya iya, kamar magana ko tafiya. A jinkirin magana, ji ake fara aunawa. Ban da waɗannan, ki rufe kunnenki daga gwada ta da 'ya'yan wasu. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, wanda ya bi yara a Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ya nuna lafiyayyun yara suna fara tafiya tun daga wata takwas har zuwa kusan wata 18, kuma kamar huɗu a cikin ɗari ba su yi rarrafe ba sam. Mai cewa "ni zan yi" dai ta haɗa kalma uku, har da gardama a ciki.

Jaririyar taki ma ba ta yi tafiyar da ba leƙowa ba. Ran da mura ta kama ta, ko ta farka a firgice cikin dare, ko ran da Allah ya kawo mata ƙani, za ki ga ta dawo tana neman a ɗauke ta, tana gwaranci, ƙila har ta laluba rigarki. Kada ki ce mata "ke babba ce yanzu". Ki ɗauke ta, ki shaƙi kanta son ranki, da kanta za ta zame in ta ƙoshi.

Rigar kuwa kada ki mayar da ita ƙasan akwati tukuna. Ki kira ta ki nuna mata, ki ce wannan taki ce lokacin da kike 'yar mitsitsiya, a ciki muka kawo ki gida. Ki dai shirya, za ta fizge ta ce tata ce, ita za ta sa da kanta, kuma kanta ba zai shiga wuyan ba.